Wayar da Na Ja Daga Zauren Malam Habu

Ku da kuke zuwa shagon nan kuna cika mini benci kuna cewa aikin haɗa kwamfutoci ai danne-danne ne kawai, ba na jin haushinku. Kun taso kun tarar komai yana haɗa kansa da kansa. Ranar da wata ta ƙi ganin 'yar uwarta kuwa, sai ku kashe ku kunna, in ta ƙi ku rushe katangar tsaron gaba ɗaya, abin nan da kuke kira fayawol, ku ba kowa izinin komai, ta yi aiki, ku miƙe kuna karkaɗe riga wai ku injiniyoyi. Jiya ma ɗayanku ya yi wa kwamfutar wata baiwar Allah haka a gabana. Na ce ya mayar, ya ce, "Baba Bala, ai ta yi." Ta yi ɗin. Ni ma tawa ta yi, har da addu'a aka bi ni. Ku gyara zama ku ji inda ta kai ni.

Ni da tafireta na fara. Maigidana Malam Isyaku, Allah ya ji ƙansa, yana da ɗan shago a Gwale, shekara shida na yi a gabansa ina wanke haruffa da tsohon buroshin haƙori da kananzir. Mutum ne mai faɗa, amma faɗansa ɗaya ne kullum. In akawu ya aiko ya ce tafiretarsa ba ta buga harafi kaza, ni kuma na ɗauko sukundireba zan kwance, sai ya doke mini hannu ya ce, "Ka danna da yatsanka ka gani? To me kake gyarawa, maganar mutum ko inji?" Da sojoji suka koma bariki farar hula suka karɓi mulki, gari ya cika da takarda. Kowa ɗan takara, kowa yana son fosta da wasiƙa mai hatimi, shagunan buga takardu suka yi ta tsirowa, tafireta kuwa ta koma ƙarƙashin tebur. Wata rana Malam Isyaku ya dubi wata kwamfuta da aka kawo maƙwabcinmu, ya daɗe yana kallo, ya ce, "Bala, wannan akwatin shi zai tashe mu. Ni na tsufa, kai tafi ka koye shi." Ya haɗa ni da wani Bayarabe a bayan gari, na yi shekara biyu ina ɗaukar masa jaka ina jan waya a cikin silin.

Jakar nan da kuke yi wa dariya, tun wancan lokacin take. A ciki akwai filayar matse kan waya, da testa mai fitila takwas, da kawunan roba, da guduma, da wani guntun rodi, da littafin da nake rubuta lambar kowace kwamfuta ta kowane gida. Wayar nan shuɗiya, silili takwas ne a cikinta, kowanne da mazauninsa: fari da ruwan lemo, ruwan lemo, fari da kore, shuɗi, fari da shuɗi, kore, fari da ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. Bayaraben nan sai da ya sa na haddace su kamar karatun allo, in na sauya biyu ya yanke kan ya jefar, ya ce in sake. Rodin kuwa shi bai san amfaninsa ba, ni na ƙaro shi da na dawo aiki cikin gari. Bangon ƙasa ba ya son injin huda, farfashewa yake. Da rodi ake bi a hankali ana murzawa, a karkata hujin ya gangara waje don kada ruwan sama ya biyo waya ya shigo ɗaki. Ƙaramar ƙusa ba ta zama a jikinsa, sai doguwa. In ka bar waya ta yi ƙasa a tsakar gida, akuya ta gode maka.

Wani Alhaji a Ƙofar Ɗan Agundi ya taɓa wahalar da ni wata guda. Kwamfuta uku gare shi, duk ranar Juma'a da hantsi sai su daina ganin juna, kafin in zo da yamma sun shirya. Har ya fara cewa ko wani ne ya sa masa hannu. Wata Juma'ar na ce zan zo tun safe in zauna. Ina zaune ina shan koko, sai ga mai guga ya shigo, ya zare filogin akwatin da ya haɗa su ukun, ya soka dutsen gugarsa, ya shimfiɗa babbar rigar Alhaji ta masallaci. Aikin ke nan. Ba a fara shi daga sama, daga ƙasa ake farawa. Ka duba fitila tana ci? Ka gwada waya da testa. Ka duba lambar kowacce, kada biyu su ɗauki lamba ɗaya. Sannan ka aika sallama daga wannan zuwa waccan ka ji ko za ta amsa. In ta amsa, ka duba ko sunan rukuninsu ɗaya. In waya lafiya, lamba lafiya, amma sallama ba amsa, to katanga ce ta tare. Ita kuma katanga, ku 'yan cikin ganuwa bai kamata a yi muku dogon bayani ba: ba a rushe ta don mutum ɗaya zai wuce, ƙofa ake buɗe masa. Bayan ƙofa sai izini, wato wanda ya shigo kallo kawai zai yi, ko har ya taɓa, ya canza, ya goge. Wannan na ƙarshen shi ne wanda ba ku ɗauka da muhimmanci, ni ma a da haka nake.

Gidan Malam Habu yana Dala, a wani lungu da ko ɗan acaɓa sai ya sauke ƙafa yake wucewa. Malamin zaure ne, manya yake karantarwa, 'yan kasuwa da maɗinka da ke zuwa bayan asuba da bayan la'asar kowa da littafinsa. Abin da ya fi ƙauna a duniya shi ne littattafan da ya gada, rubutun hannu na kakansa da na mahaifinsa, takardu warwara a cikin gafaka ta fata, gefensu cike da sharhi, wani da Larabci wani da ajami. A cikin gida suke, a ɗakin marigayiya matarsa. To ido ya fara gaza masa. Ko da tabarau, ƙananan rubutun gefen nan sun daina fito masa. Babban ɗansa, Alhaji Kabiru, ɗan kasuwar atamfa ne, shi ya sayo kwamfuta biyu da na'urar ɗaukar hoton takarda. 'Yar Malam kuma, Malama Saude, wadda take koyarwa a Islamiyyar unguwa, ita ta ɗauki aikin: za ta riƙa ɗaukar shafukan ɗaya bayan ɗaya a ɗakinta, Malam kuma ya riƙa ganinsu a zaure, a ƙara musu girma yadda idonsa zai kama. Aikina shi ne in ja waya tsakanin biyun.

Ranar da na je, aka yi mini iso yadda aka saba. Aka shiga aka ce mai gyara zai shigo, mata suka kintsa suka shige ɗakuna, sannan Alhaji Kabiru ya shige gaba ina binsa kaina a ƙasa. Na huda bango biyu, na bi da waya ta saman soron ciki, na zauna a gaban kwamfutar Malama na yi komai da hannuna. Na raba folda ɗaya tak, wato ma'ajiyar shafukan, yadda ta zaure za ta gan ta, na sa izinin kallo kawai, ba taɓawa. A ta zaure kuma na ajiye alamarta a fuskar allo, na rubuta mata suna, Littattafan Malam. Da na buɗe shafin farko na ƙara masa girma har harafi ɗaya ya kai ɗan yatsa, Malam Habu ya matso har gemunsa yana taɓa gilashi. Ya yi dariya, ya ce, "Kai! Hannun kakana ne. Dubi yadda yake jan wutsiyar harafin nun ɗin nan, ba wanda yake ja haka sai shi." Ya juyo ya ce, "To yanzu, ɗana, ga shi a can ciki, ga shi a nan?" Na ce, "Allah gafarta Malam, a can yake, nan leƙe kawai ake yi." Ya ce, "To, to, madalla. Ga shi can, ga shi nan." Na ga bai kama ba, na ce a raina ai ba lallai ne tsoho ya gane ba, tunda yana gani shi ke nan. Alhaji Kabiru yana tsaye yana amsa waya, shi ma bai ji ba, ni kuma ban maimaita ba.

Fiye da shekara biyu Malama Saude ta yi tana wannan aiki. Ta dawo daga makaranta ta ɗauki shafi goma, in an ɗauke wuta ta jira, in takarda ta manne da 'yar uwarta ta bi da bakin wuƙa a hankali. Duk lokacin da na biya ta unguwar nakan tsaya in gaida Malam, in same shi a gaban allon nan yana nuna wa ɗalibansa abin da kakansa ya ce a kan wata mas'ala. Ya iya danna maɓalli biyu kawai, na gaba da na ƙara girma, kuma sun ishe shi.

Sai muguwar shekarar ta zo. Masu yin manhajar kwamfuta suka fito da wani babban gyara, wanda in ka ɗora shi sai ya tada katangar tsaro da kansa ba tare da ya tambayi kowa ba. Abu ne mai kyau, don lokacin ƙwayoyin cutar kwamfuta sun addabi mutane. Amma duk gidan da na taɓa ja wa waya, da duk shagon buga takardu, sai aka wayi gari wannan ba ta ganin waccan, na'urar buga takarda ta yi shiru. Faifan gyaran nan kuwa yana yawo hannu da hannu a kasuwa, kowa ya ara ya ɗora. Lokacin wayar hannu ta shigo, na yi da na sanin ba mutane lambata. Tun ina alwalar asuba take ƙara. Gida bakwai, gida takwas a yini, daga Gwale in faɗa Dala, daga Dala in koma Ɗan Agundi, abinci a tsaye. Kowa cewa yake wayar da na ja ce ta lalace, wasu har da zagi. Na gaji, kuma gajiya ta koya mini gajeriyar hanya.

Wata Alhamis dab da la'asar na isa zauren Malam Habu. Alhaji Kabiru ya kawo wani ya ɗora gyaran nan a kwamfutar ciki, kwana huɗu Malam bai ga shafi ko ɗaya ba. Na duba fitila, tana ci. Na gwada waya, lafiya. Na aika sallama, shiru. Na ce, "Malam, matsalar tana ciki." Ya ce, "To bari a yi maka iso." Ya aika, aka dawo aka ce mata sun baje a tsakar gida ana kitso, ga baƙi daga ƙauye, a ɗan ba su lokaci su kintsa. Lokacin da ake nufi bai fi na shan shayi ba. Amma gida uku suna jirana, wayar aljihuna tana ta kuka. Na ce, "Ba sai na shiga ba, Malam. Malama ai ta iya, sai in gaya mata daga soro."

Tagar ɗakinta tana kusa da soron ciki. Na tsaya a bayan labule, muka gaisa, na ce ta buɗe wurin katangar tsaro ta karanta mini abin da ta gani. Ta karanta. Abin da ya kamata shi ne in bi da ita sannu a hankali har wurin da ake buɗe ƙofa ɗaya ta raba fayil. Muka fara, ta ce ba ta ga abin da nake faɗa ba, mai kitso tana magana, yara suna kuka, ba na jin ta sosai. Na ce, "Malama, bar shi. Kashe ta gaba ɗaya." Ta kashe. Na koma zaure da gudu, sallama ta amsa, amma folda ba ta buɗu ba, ashe wanda ya ɗora gyaran ya warware rabon da na yi. Na dawo bayan labule na ce ta danna dama a kan foldar ta shiga wurin rabawa. Ta ce, "Malam Bala, ga wasu 'yan akwatuna biyu. Na sama ya ce a raba foldar. Na ƙasa ya ce a bar masu shigowa su canza abin da ke ciki. Wanne zan danna?" Daidai nan ladan ya ɗaga murya. Ni kuma ina tsoron in ce ɗaya ya ƙi, in sake zagayowa. Na ce, "Danna duka biyun, zan dawo in daidaita." Ta ce, "Ba wata matsala?" Na ce, "Babu."

Shafi ya fito a zaure. Malam Habu ya kama hannuna da nasa biyu ya yi mini addu'a har da 'ya'yana. Na buɗe littafina a bakin ƙofa na rubuta: gidan Malam Habu, a koma. Ga littafin nan a jaka, wanda yake so ya duba. Duk sauran layukan shafin na soke su da biro, ban da wannan.

Da damina ta yi nisa aka yi ruwan kwana biyu ba ƙaƙƙautawa. Indararon ɗakin marigayiya ya toshe, ruwa ya kwanta a kan rufi, da rana tsaka azara ta karye, ƙasa da ruwa suka zubo a kan littattafan. Malama ta gama ɗaukarsu ke nan ba da daɗewa ba, ta jera gafakokin a kan gado tana shirin mayar da su akwati. Ku ba ku san tawadar da ba. Da gawayi da ƙaro ake yin ta, ruwa yana taɓa ta take tashi. Abin da aka tono daga ƙarƙashin ƙasar nan dunƙulen takarda ne baƙi ƙirin, in ka ɓanɓare shafi sai ka ga inuwar rubutu kawai. Na je jaje washegari, zaure cike da mutane. Malam yana zaune bai ce komai ba sai godiya. Alhaji Kabiru ne yake amsa wa jama'a, yana cewa, "Alhamdu lillahi, Allah ya sa an riga an ɗauke su a kwamfuta. Har wuri biyu ma, akwai a ciki, akwai a nan zaure." Mutane suna ta cewa madalla. Na ji shi da kunnena. Na san wuri ɗaya ne. Amma yaya zan buɗe baki a gaban dattawan unguwa in gyara wa mai gida zance, in kuma cire wa tsoho abin da ake rarrashinsa da shi? Na ce bari a watse in ja shi gefe. Kafin a watse aka kira ni wani shago. A bakin ƙofa dai na ce masa, "Alhaji, ya kamata a kwafe su a faifai a ajiye." Ya ce, "Ƙwarai kuwa. Bari mu gama da bikin nan, sai ka zo." 'Yarsa za a aurar bayan mako uku.

An yi biki lafiya. Mai ɗaukar bidiyo ya kawo faya-fayai, na kamu, na ɗaurin aure, na yini. Alhaji Kabiru ya so ya zuba su a kwamfutar zaure don abokansa su gani, ta ce masa ba wuri. Ya duba ya ga Littattafan Malam, ya buɗe ya ga shafuka ba iyaka. Ya ce a ransa ai wannan kwafi ne, na ainihi yana ciki wurin Saude, in an gama kallon biki a sake turo wa Malam. Ya zaɓe su duka ya goge. Kwamfutar ta tambaye shi ko ya tabbata, ya ce ya tabbata. Da izinin da na sa da farko yana nan, da ta hana shi, ya yi tsaki ya haƙura. Amma akwati na biyu a danne yake. Ya ga foldar ta zama fili, ya kwashe bidiyon bikin nan kaf ya zuba a ciki. Can sai aka ji guɗa daga cikin gida, mata suna murna wai ga amarya ta fito a kwamfutar Malama. Malama Saude ta zo ta duba, ta ga inda amaryar ta fito. Ta buɗe kwandon sharar kwamfutar, wayam. Abin da aka goge ta waya daga wata kwamfutar ba ya faɗawa kwando, wucewa yake kai tsaye. Wannan ma ban taɓa gaya musu ba.

Da safe aka aiko mini. Wannan karon na zauna na jira iso, ba wanda ya ce in jira. Na shiga, tsakar gida tsit, ga tukwanen biki ba a gama mayarwa ba. Na kwance faifan ajiyar kwamfutar na naɗe shi a hankici na kawo shagon nan. Abin da aka goge, in ba a rubuta wani abu a kansa ba, sau da yawa ana samo shi. Amma bidiyo abu ne mai cin wuri, kuma a daidai gurbin da littattafan suka bari ya zauna. Kwana huɗu ina bin faifan nan da duk wata manhajar ceto da na sani, har wurin tsohon maigidana Bayarabe na kai shi. Shafi arba'in da ɗaya suka dawo cikakku. Wasu ɗari da 'yan kai suka dawo rabi, sama rubutu, ƙasa toka-toka kamar an shafe da siminti. Sauran babu.

Na koma da la'asar sakaliya bayan ɗalibai sun tashi. Malam yana kan buzunsa, Alhaji Kabiru yana gefe ya haɗa kai da gwiwa, mutumin da ko a kasuwa ba a jin muryar kowa sai tasa. Malama tana bayan labulen soro. Na faɗi abin da na samo. Alhaji ya ce, "Baba, ni na goge. Da hannuna." Na ce, "Allah gafarta Malam, Alhaji ya goge abin da ya zaci kwafi ne, kuma ni na bar shi da wannan zaton. Ƙofar da ya bi ma ni na buɗe ta. Ranar da ka ce a yi mini iso na ƙi jira, ni na ce a danna abin da bai kamata ba." Sai daga bayan labule Malama Saude ta ce, a hankali, ba faɗa, "Na tambaye ka fa, Malam Bala." Iyakar abin da ta ce ke nan. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Malam Habu ya ce, "Abin da Allah ya ƙaddara ba ya kuskure. Kabiru, ɗago kanka. Ɗana, kunna mini abin da ya saura." Na kunna. Muka wuce cikakkun, yana gyaɗa kai yana kiran sunan kowane littafi. Sai muka zo kan wani rabi. Ya matso, ya karanta layukan sama da ƙarfi, ya ce, "Sauko ƙasa." Na sauko. Ya ce, "Ƙara haske, ba na gani." Na ce, "Malam, ba haske ba ne. Iyakarsa ke nan." Ya ɗora yatsa a kan tokar nan, ya ci gaba da karatun da ka, layi uku, huɗu, bai yi tuntuɓe ba. Sannan ya tsaya. Ya ce, "Shi littafin ana samunsa a kasuwa, bugun inji. Amma a nan ƙasa, ta wannan kusurwar, kakana ya yi rubutu da ajami ranar da aka haifi babana. Ya faɗi sunan da ya sa masa da dalilin sa shi, ya yi masa addu'a baiti biyu. Tun ina yaro nake cewa zan haddace, sai in ce ai yana nan." Ya yi ta motsa baki yana nema. Baitin farko ya zo masa rabi. Yatsansa yana kan gilashin har aka kira magariba, ni kuma ina durƙushe a gefensa hawaye yana zubo mini, ban iya ko share shi ba.

Bayan haka Malama Saude ta sayi manyan littattafan rubutu. Kullum da hantsi ta zauna a bakin labule, Malam ya faɗi abin da ya tuna na sharhin gefe, ta rubuta. Wani ya zo, wani ya ce, "Bar fili a nan, wataƙila gobe." Ta nuna mini su daga baya, filin ya fi rubutun yawa. Kafin wata daminar ta kewayo Allah ya karɓi abinsa. Har ya rasu bai taɓa ambata mini maganar ba, in na je gaisuwa sai ya tambayi 'ya'yana da sunayensu. Wannan ya fi komai yi mini nauyi, kuma har yau bai sauka ba.

Shafi arba'in da ɗayan nan da rabi-rabin, yanzu suna wuri biyar, ɗaya ma a cikin jakar nan. Kwafi biyar na abin da ya saura, bayan kwafi ɗaya na dukansu ya gagare ni. Don haka in kun ga na zauna a zauren mutane ina jiran a yi mini iso, ku kuna ƙunƙuni wai da waya ma za a iya gaya wa matar gidan ta danna, ku yi ta ƙunƙuninku. Kai kuma da ka ce ai ta yi, tashi ka ɗauko kwamfutar baiwar Allahn nan, ka tada katangar, ka buɗe ƙofa ɗaya, ka sa izinin kallo kawai, sannan in ta zo ka gaya mata da Hausa wace folda ce tata, wacce ce leƙe, ka sa ta maimaita maka.

Malama Saude tana nan, ta manyanta, ita ce shugabar Islamiyyar yanzu. Ba ta canza mai gyara ba, ban san dalili ba, ban kuma taɓa tambaya ba. In wani abu ya tsaya mata takan kira ni, mu gaisa, ta tambayi iyali, ta karanta mini abin da allo ya rubuta. Wani lokacin abin bai taka kara ya karya ba, na san amsarsa tun kafin ta gama karantawa. Sai ta ce, "In danna? Ba wata matsala?" Ni kuma in ce, "Kada ki taɓa, Malama. A yi mini iso, ga ni nan zuwa."